Kafaɗar Maman Helen

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Limawa ya san Maman Helen mai doya. Sunanta Esta, amma ban da mijinta ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba. In ka hango ta daga nesa za ka gane ta tun kafin ka ga fuskarta, domin kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka ƙasa, ko da ba ta ɗauke da komai.

A Gwada aka haife ta, gidan manoman doya. Ubanta ya sa 'ya'yansa maza a makarantar mishan, ita kuwa aka ce ta tsaya ta taya uwarta aiki. Ba ƙiyayya ba ce, haka dai ake yi a lokacin. Tun tana ƙarama take bin mata kasuwa da ƙwaryar doya a kafaɗa, yadda matan Gbagyi suke yi, ba a ka ba irin na matanmu. Wannan ƙwaryar ce ta sauke mata kafaɗa.

Gabriel ne ya kawo ta Minna. Shi ma mutumin wajajen Gwada ne, ya yi karatun mishan ya samu aikin reluwe, yana cikin masu bin layin dogo suna duba inda ya kwance. Suka kama ɗaki a gidan da ke jikin namu. Ni ina gyaran keken ɗinki a ƙofar gida, ita kuma tana sammako zuwa kasuwa ta kasa doyarta. Marigayiya matata ce ta yi mata wankan jego da ta haifi Helen. Da salla mu aika musu, da Kirsimeti su aiko mana.

Hausarta ta kasuwa ce, kowa a bakinta namiji ne. "Malam Mudi, matarka ya dawo?" haka take tambayata. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Mu ma ai muna da namu. Gwari muke ce musu, yadda muka taso muka ji ana faɗa. Gabriel ya sha gyara mini, ya ce sunansu Gbagyi, amma harshena ya ƙi ɗaukar farkon kalmar. Sai in ce Bagi, su yi ta dariya shi da matarsa.

Gabriel yana da wani tsohon littafin labarai na Hausa, irin waɗanda aka buga tun da daɗewa. Bangonsa ya yage tun kafin in san shi, shi ya sa har yau ban san sunansa ba. Ran Lahadi bayan la'asar sai ya fito da kujerarsa gindin mangwaro, ya sa tabarau, ya karanta. Matarsa tana gefe tana feraye doya, ni ma in matso da bencina, domin ni allo kawai na taɓa, shi ma ban yi nisa ba.

Akwai labari ɗaya da Maman Helen ba ta gajiya da ji. Ta san shafin, saboda akwai zanen mace da kaya a kafaɗa. In ya zo wurin sai ya cire tabarau ya hau gogewa da bakin rigarsa, yana ba da labarin a hankali. Wai wani bafatake ne ya gamu da wata mata a hanya, ya ce mata, "Baiwar Allah, ga kai Allah ya ba ki, me ya sa kike wahalar da kafaɗa?" Sai matar ta ce, "Kaina tun da asuba yake ɗauke da nasa kayan. Abin da yara za su ci yana ciki, gonar da za a nome tana ciki, hanyar gida tana ciki. In na ɗora masa doya, wa zai yi mini tunani?" Bafataken ya sauke nasa kayan daga ka ya mayar kafaɗa, suka jera har kasuwa.

Duk ranar da ya kai nan sai Maman Helen ta ajiye wuƙa ta tafa hannu. "Haka mamana ya faɗa mini!" in ji ta. "Ashe masu littafi ma sun sani."

Da Gabriel ya rasu, Helen ta so ta tafi da ita Kaduna inda take aure, ta ƙi. Ta naɗe littafin a leda ta sa a ƙasan akwati. Ba ta yarda kowa ya karanta mata ba, ko Helen. Ta ce in ba muryar Gabriel ba, to sai tata.

Haka aka daɗe, har aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamaren unguwarmu, da yamma bayan yara sun tashi. Ita ta fara sa sunanta, sannan ta zo ta tsaya a kaina ina kwance wani keke.

"Malam Mudi, tashi mu je makaranta."

"Ni da furfurata?"

"Furfura ya hana ka cin tuwo? Tashi."

Na tashi.

Malamarmu Zakiyya ce, yarinya mai haƙuri daga Tudun Wada, ba ta kai sa'ar Helen ba. Mata sun fi yawa a ajin. Akwai Azumi mai waina, doguwa, baƙa, ba ta cika magana ba. Akwai Ndanusa, Banufe, tsohon direban babbar mota, wanda ba a minti biyar bai tsokani wani ba. In Maman Helen ta ce, "Malama ya ce mu yi shiru," sai ya ce, "Wane malamin? Ni mace nake gani." Ita kuma ta ce, "Kai da ka tuƙa mota har Legas ba ka iya karanta allon hanya ba, Allah ne kawai ya dawo da kai." A yi dariya a ci gaba.

Karatu bai zo mata da sauƙi ba. Hannun da ya saba da doya ya yi wa fensir nauyi, takan karya bakinsa. Amma ba ta fashi. Ko ruwa ake yi za ka gan ta ta sauko daga keke napep da leda a kafaɗa. Kowa ya san abin da ya kawo ta, domin ba ta ɓoye ba: littafin Gabriel take so ta karanta da bakinta kafin ta bi shi.

Da muka fara haɗa baƙi muna fitar da jimla, sai Malama ta ce kowa ya kawo abin karantawa daga gida. Wani ya kawo kalanda, ni na kawo takardar da ke zuwa da sabon keken ɗinki, aka ce ta Turanci ce. Maman Helen ta zo da littafin, ta ci ado kamar za ta coci. Ta tsaya gaban aji ta buɗe shafin mai zane, ta ɗora yatsa.

"Wa-ta ra-na," ta fara, "wa-ni ba-fa-ta-ke ya ga-mu da wa-ta Ba-gwa-ri-ya."

Ta ɗan tsaya. Wannan kalmar ba ta cikin labarin da ta sani. Ta ci gaba.

"Ba-ƙa, mum-mu-na, ta ɗo-ra do-ya a ka-fa-ɗa ka-mar ja-ki."

Wannan ne karon farko da na ji ta ce wa mace "ta" daidai, domin abin da ke rubuce take bi. Na so a ce a wani wuri na fara jin haka.

Malama ta ce, "Mama, ko za mu duba wani shafin?" Ba ta ko ɗaga kai ba. Yatsa na tafiya, baki na bi. A littafin, da bafataken ya tambaye ta, wai sai matar ta amsa cikin gwaranci cewa kanta babu komai a ciki, in ta ɗora masa kaya zai fashe kamar ƙwarya. Bafataken ya ce ta kawo doyar ya ɗauka mata a jakinsa, ya kaɗa jaki ya yi gaba da doyar, matar kuwa tana tsaye tana yi masa godiya. Labarin ya ƙare da cewa haka Gwari suke, haka kuma mata suke.

Ndanusa ya fashe da dariya, irin ta sabo, ya duba ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari. Maman Helen ta rufe littafin, ta mayar da shi leda, ta gaishe da Malama cikin ladabi, ta fita.

Washegari ba ta zo ba. Makon ya ƙare ba ta zo ba. Malama ta je gida ta same ta, Maman Helen ta ce mata jiki ne ba daɗi. Ni ina jin motsinta ta bayan katanga, na san ba jiki ba ne. Na bari sai da aka ɗan kwana biyu, sannan wata yamma na rufe akwatin kayan aikina na bi ta kasuwa. Lokacin sabuwar doya ne, tana zaune bayan kashi-kashi tana korar ƙuda da kwali.

"Malam Mudi, doya ka zo saya ko wa'azi?"

"Zama na zo yi."

Ta tura mini kujera 'yar tsugunno. Ta sallami mai saye ɗaya, ta dawo.

"Gabriel ya yi mini ƙarya," in ji ta. "Shekara da shekaru ina ajiye wannan littafi kamar ɗan da na haifa, ashe yana kwance a akwatina yana zagina. Ni kuma ina tafa hannu. Kana wurin, ka gani. Wannan matan da ya tsaya yana godiya an gudu da doyansa, ni ne."

Na ga in aka bar ta a haka, ba karatun kaɗai za ta rasa ba, har da ranakun Lahadin nan duka. Ni ba mai iya magana ba ne. Abin da na tuna kawai na faɗa.

"Maman Helen, in Gabriel ya zo wannan labarin, me yake yi?"

"Yana cire tabarau ya goge."

"Gabriel yana ganin rubutu ba tabarau?"

"Ina! Ko lambar waƙa a coci ba ya gani."

"To da me yake karantawa a lokacin?"

Ta daina kaɗa kwalin. Ta dubi doyar da ke gabanta kamar yau ta fara ganinta.

"Da kansa," ta ce a hankali. Can kuma ta ce, "Amsan mamana ne. Ni na faɗa masa, tun muna Gwada, kafin aure. Ya ɗauka ya sa a bakin matan nan." Ta share ido da bakin zane. Sai kuma ta juyo da sauri. "Malam Mudi, ba nan kaɗai yake cire tabarau ba fa. Labarin bawan sarki, yana cirewa. Labarin matan attajiri, yana cirewa. Me ke wurin?"

Ashe littafin yana cikin jakarta duk kwanakin nan, ba ta iya buɗe shi ba, ba ta kuma iya barinsa a gida ba. Ta fiddo shi, muka haɗa kai ni da ita a tsakiyar kasuwa, tsoho da tsohuwa, muna neman labarin bawan. Muka samu farkonsa, muka yi layi biyu, muka ci karo da wata doguwar kalma ta tsayar da mu cik. Na ce kaza ce, ta ce ba haka ba. Mai doyar da ke kusa ta ce ko faɗa muke yi.

Maman Helen ta rufe littafin. "Karatunmu bai isa ba," in ji ta. "Gobe ka jira ni, mu tafi tare."

Da muka shiga aji, Ndanusa ne ya fara tashi. Ya cire hula ya ce, "Maman Helen, bakina ya riga hankalina. A yi haƙuri." Ta ce, "Dama can haka motarka yake, ba birki. Zauna." Sannan ta ajiye littafin a teburin Malama ta ce tana so a bi shi daga farko har ƙarshe, kada a tsallake ko layi.

Malama ta ce, "Mama, akwai wuraren da ba su da daɗin ji."

"Na sani. Doya ma in za ka saya, kana juya shi ka ga inda ya ruɓe. Ba ka zubar da buhu duka."

Haka littafin Gabriel ya zama littafin ajinmu. Gaskiya Hausarsa tana da daɗi, akwai labaran da muka yi dariya har da hawaye. Amma muka lura da wasu abubuwa. Ɗan sarki kullum fari ne kyakkyawa. Talaka in ya shigo labari, ko ɓarawo ne ko wawa. Mace in tana da wayo, to makirci ne. Da muka zo labarin bawan, inda Gabriel yake cewa "wani bawan Allah mai hidima a gidan sarki", littafin cewa ya yi "wani baƙin bawa mai kaurin leɓe", kuma shi aka ɗora wa sata. Azumi mai waina, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Kakata baiwa ce, sayo ta aka yi. Ita ta raine ni. Ko allura ba ta taɓa ɗauka ba." Maman Helen ta matsa ta zauna kusa da ita.

Can gaba kuma sai ga wani Banufe a littafin, an sa shi yana shirme a bakin kogi. Ndanusa ne ke karatu ranar. Ya kai rabi ya buga tebur. "Wannan ƙarya ce! Wa ya rubuta wannan? Ya taɓa zuwa Bida?" Maman Helen ta ce, "Karanta dai, direba. Kada ka tsallake." Ranar an yi dariyar da ba ta ɓata wa kowa rai ba.

Malama ta yi mana bayani sau ɗaya, a taƙaice. Ta ce waɗanda suka rubuta irin waɗannan littattafai gwanaye ne, amma abin da ake faɗa a zaurukan manya suka rubuta, kuma a zaurukan nan ba a zama da mata, ba a zama da bayi, ba a zama da manoman doya. Wanda ba ya wurin, ba a ji ta bakinsa ba.

Da ranar kammala aji ta matso, aka ce mutum ɗaya zai yi karatu gaban baƙi. Kowa ya nuna Maman Helen. Malama ta zaɓa mata wani labari mai daɗi na zomo. Ta ce a'a, shafin mai zane take so. Malama ta damu, ni ma na damu, amma muka bar ta.

Ranar aka kafa rumfa a filin makaranta. Mai unguwa ya zo, limaminmu ya zo, fastonsu ya zo, Helen ta taso daga Kaduna, matan kasuwar doya suka rufe rumfunansu suka cika benci biyu. Maman Helen ta fito da littafin a cikin ƙwarya, ƙwaryar a kafaɗa. Ta sauke ta ɗauko shi ta karanta labarin yadda yake a rubuce, ba ta rage kalma ba, ba ta yi gargada ba sai wuri ɗaya. Da ta zo "kamar jaki" na ga mai unguwa ya sunkuyar da kai. Matan doya suka fara gunaguni. Ta ɗaga musu hannu ta kai ƙarshe.

Sannan ta rufe littafin. Ba ta da tabarau, amma ta kama bakin zanenta ta goge ido biyu a hankali, yadda Gabriel yake goge nasa. Ni da Helen kaɗai muka gane.

"Wannan na littafi ne," in ji ta. "Wanda ya rubuta bai tambayi matan nan ba. Ni ne matan nan, ga kafaɗana ku gani. Yanzu ku ji amsansa."

Ta ba da labarin yadda Gabriel yake bayarwa, da abincin yara da gona da hanyar gida. Da ta kai inda bafatake ya mayar da kayansa kafaɗa, matan doya suka rangaɗa guɗa. Limaminmu ya ce, "Madalla da wannan kai." Ba ta zauna ba.

"Saura abu ɗaya. Littafi ya ce muna gwaranci. To sunanmu Gbagyi. Kowa ya faɗa in ji."

Mai unguwa ya gyara murya ya ce, "Bagi." Liman ya ce, "Gabagi." Malama Zakiyya da duk karatunta ta gwada sau biyu ta rufe fuska da mayafi. Ndanusa kuwa, da yake harshensu yana da irin wannan sautin, ya miƙe ya faɗa daidai, ya juya yana kallon mutane kamar ya ci gasa. Filin ya kaure da dariya.

"Ba komai," in ji Maman Helen. "Ni ma na daɗe kafin in iya naku. Ku ci gaba da koyo."

Yanzu in ka je wajen masu doya da yamma, lokacin da ciniki ya lafa, za ka same ta da littafin a cinya, mata sun kewaye ta, wani lokacin har da Azumi in ta gama suya. Tana karanta musu yadda aka rubuta. In ta zo wurin da aka zagi wani sai ta tsaya ta ce, "To, ga abin da ya ce. Ku me kuka ce?" Sai gardama ta tashi, kowa da tasa amsar. Wasu daga cikin matan sun sa sunansu a sabon aji, wai su ma suna so su gani da idonsu.

In tana karatu, "ta" ɗinta da "ya" ɗinta ba sa kuskure. Da ta rufe littafi kuwa, kowa ya koma namiji. Jiya ma ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam Mudi, Helen ya gaishe ka."

Na ce, "Ina amsawa, 'yar Gbagyi."

Ta tsaya ta saurara, kai a karkace wajen kafaɗar da ta sauka.

"Ka kusa," in ji ta. "Sake faɗa."